Mai Shan Bulala Shi Ke Zaɓe

Ku 'yan makarantar nan na unguwar Setapak a Kuala Lumpur da kuke tare ni a shagon mamak mai shayi kullum da la'asar kuna cewa Baffa Idi ya gama da duniya, wai aikina kawai in yanko kara in miƙa wa Bature in karɓi kuɗi, yau na zauna zan ba ku amsa a rubuce. In na fara magana a can, shayina ne ke hucewa ku kuma kuna ta ƙyalƙyala. Wanda ya fi kowa baki a cikinku, dogon nan mai karatun kwamfuta, har cewa ya yi in ba shi mako guda zai ƙwace min kasuwa. Na ji, na kuma yafe. Amma ku karanta tukuna, ku ji yadda na koyi aikin da yadda shagon nan da kuke gani ya kusa suɓucewa daga hannuna gaba ɗaya, sannan a dawo a yi maganar mako guda.

Na zo Kuala Lumpur a farkon shekarun dubu biyu da niyyar saro yadi da mayafai a kasuwar Masjid India in riƙa aikawa Kano. Kasuwar ta yi min sannu da zuwa ta juya min ƙeya. Ribar da na ci a tafiyar ita ce matata, 'yar jihar Kelantan mai sayar da abinci kusa da masallaci, kuma har gobe ina cewa na fi masu kwantena dacewa. Ita ce ta ja ni wurin wani tsoho ɗan Canis mai saƙar kujerun rotan, wanda duk layin ke kira Ankul Cong. Ta ce masa ga mijinta nan, yana da hannu, ba shi da aiki, kuma ya ishe ta da surutu a gida. Tsohon bai kalli fuskata ba. Tafin hannuna ya juya ya duba kamar mai sayen akuya, sannan ya ce boleh, wato zai yiwu.

Rotan dai ba gora ba ce, ba kuma karan dawa ba ne. Wata irin igiyar kurmi ce mai ƙaya da ke hawa bishiyoyi, a yanko ta a feƙe ƙayar a shanya, ba ta da rami a ciki. Akwai mai kauri kamar dantsen ɗan dambe, da ita ake ƙashin kujera. Akwai siririya kamar tsinken tsire, da ita ake saƙa. Kayan aikinmu ba su da yawa: wuƙa mai lanƙwasa, ƙaramar guduma, fitilar gas, bahon jiƙo, da sanfefa. Sanfefar nan kuwa na goge abin da in an shimfiɗa shi zai kai daga Setapak zuwa Gaya garinmu, a kuma samu ragowar da za a yi wa hakimi labule.

Aikin farko da Ankul ya sakar min shi ne hannun wata kujerar lilo, ta wata tsohuwa Ba'indiya da ta ce a cikinta ta yi renon 'ya'yanta duka. Hannun dama ya karye, ana son a lanƙwaso sabo daidai da na hagu. Ana kunna fitilar gas ne a riƙa lasar rotan ɗin da wuta, ana juyawa, har sai ya fara gumi yana wani ƙamshi kamar gasasshiyar masara. A daidai nan ake ɗora shi a gwiwa a lanƙwasa. In ka yi gaggawa ya ɓalle, in ka yi nawa ya ƙone. Ni kuwa na tsaya ba Ankul labarin wata kurciya da na taɓa harbowa, sai da hayaƙi ya kori kyanwar maƙwabta. Bai yi faɗa ba. Ya miƙo min wani rotan ɗin, ya nuna hancinsa, ya koma wurin zamansa. Na ƙona na biyu, na karya na uku. Da tsohuwar ta zo ɗauka ta shafa hannun ta ce ya fi na da laushi, Ankul ya ce mata ai dole, kurmi guda aka cinye a kansa.

Haka na yi ta fama: kujeru, kwanduna, shimfiɗar jarirai, labulen raba ɗaki na otal. Ku riƙe wannan, don har yau yawancin abin da nake ci daga kujera yake fitowa. Amma na san ba labarin kujera kuke jira ba. Kuna jiran na kantar baya.

A ƙuryar shagon akwai wata kanta da aka rufe da zanen atamfar Malesiya. Na daɗe ina zaton tsintsiya ake ajiyewa a ciki, don na taɓa hango dami-dami na siraran tsumagu an ɗaure gindinsu da kyau. Ranar da na san gaskiya wata Asabar ce da hantsi. Wasu Turawa biyu suka shigo, miji da mata, duka sun manyanta. Mijin, Mista Kolin, ƙato ne mai jan wuya, tsohon injiniyan jirgin ruwa da ya yi ritaya ya zauna a nan. Matar, Madam Jin, 'yar firit ce, in iska ta taso sai an riƙe ta. Ankul ya ɗaga zanen ya shimfiɗa damman a kan tebur, ya raɗa min cewa ba na shara ba ne, na wasa ne tsakanin miji da mata, irin wasan da ake rufe ƙofa a yi, ɗaya ya tsula wa ɗaya da yardarsa.

Jinina ya hau. Na dubi ƙaton nan na dubi 'yar tsohuwar, na ce a raina wallahi ba da ni ba. Na ja Ankul gefe na ce masa a garinmu namijin da ke ɗaga wa matarsa hannu ko gaisuwar kirki ba ya samu, kuma ni ban ƙetaro teku don in feƙe wa azzalumi makami ba. Ya ce in yi shiru in kalla.

Abin da ya fara yi shi ne ya miƙa wa Madam Jin kofunan shayi na shago, ya roƙe ta ta je wurin mamak ta karɓo mana teh tarik, shayin madararsu mai kumfa. Ta karɓa tana murmushi, da alama ta saba. Da ta fita sai ya juyo ga ƙaton ya tambaye shi ko har yanzu shi yake so, ko kuwa ana matsa masa. Mista Kolin ya yi dariyar da ta girgiza kwandunan da ke rataye, ya ce shi ya roƙa tun suna da sauran baƙin gashi, kuma shi yake roƙo har yau. Ya ɗauki dami ɗaya ya tsula wa cinyarsa, ya girgiza kai, ya ɗauki wani ya tsula, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, ya ce wannan. Ni dai bakina na buɗe har ƙuda ya yi ɗawafi ya fita. Ashe tausayin da nake ji na kai shi gidan da ba a yi rasuwa ba.

To wannan ita ce dokar Ankul Cong, kuma ita ce ƙashin bayan sana'ar. Ba a sayar wa wanda ya zo shi kaɗai. Su biyu za su zo, manya masu hankalin kansu. A aiki mai riƙe bulalar sayen shayi, a tambayi mai sha shi kaɗai, ido cikin ido. Sannan mai shan shi ke zaɓe, shi ke gwadawa a jikinsa. Na taɓa tambayar Ankul dalilin wannan wahala duka a kan 'yan karare. Ya ce kara a hannun wanda bai nemi izini ba makami ne, shi kuma masaƙin kujera ne.

Kada ku zaci wasa ce kawai ta tsoho. Na ga ranar da ta yi aiki. Wani mutum ya zo da matarsa, mai fara'a, mai yawan barkwanci kamar ni. Aka aike shi shayi. Ankul ya tambayi matar, ta ce eh, amma ƙasa take kallo tana murza bakin gyalenta. Ya sake tambaya a hankali, sai ta waiwayi ƙofar da mijin ya fita a tsorace. Da mijin ya dawo da shayi Ankul ya riga ya sauke zanen, ya ce masa kaya sun ƙare. Mutumin ya ce yaushe za a kawo. Ankul ya ce masa kurmin ne ya ƙone, ya nemi wata sana'ar hannu. Muka shanye masa shayin kuwa.

Mista Kolin ya zama abokina, don shi ma bakinsa ba ya hutawa. Daga wurinsa na ji asalin damin nan. Ya ce a ƙasarsu akwai wata bishiya ta wuraren sanyi mai farin ɓawo, birch suke ce mata, rassanta sirara ne masu sulɓi. Da can ita ce bulalar hukuma. Alƙali ya yanke hukunci, a ɗauro damin rassan, a jiƙa shi a ruwan gishiri don kada ya karye, a kwantar da mai laifi a gidan yari a zane shi. Ya ce an daɗe ana yi, har aka zo aka ga abin bai dace ba aka hana, sai wani ɗan tsibiri da ya yi taurin kai ya riƙe abinsa zuwa wani lokaci kafin shi ma ya saki. Amma tun ana tsakiyar yi da ƙarfin doka, in ji shi, akwai gidaje a tsohon Landan da manyan mutane masu doguwar hula ke zuwa a ɓoye su biya a tsula musu, suna godiya. Wato abin da ake ja wa ɓarawo yana ihu, shi attajiri ke biya yana layi. Ya ƙara da cewa can arewa da su kuma, wasu mutanen kan shiga ɗakin tururi su yi ta fyaɗa wa kansu rassan da ganyensu don jini ya gudana, su fito su faɗa ƙanƙara. Na ce masa lallai sanyi yana taɓa ƙwaƙwalwa.

Don kada ya zaci su kaɗai ke da tarihi, na ba shi labarin sharo. Na ce a kasuwar garinmu bayan kaka, samarin Fulani da suka isa aure kan tuɓe riga su tsaya a fili, a ɗaga hannu sama, abokin karawa ya zabga musu tsumagiyar tsamiya a haƙarƙari, su kuwa suna duba madubi suna murmushi kamar ana yi musu fifita. Ba wanda ya kamo su, da ƙafarsu suka shigo. Mista Kolin ya ji daɗin labarin ƙwarai, ya tambaye ni yadda mutum yake tsayar da abin in ya ji ya ishe shi. Na ce masa tsayarwa kuma? Wanda ya motsa gira ma ya bar wa jikokinsa abin gori. Sai Madam Jin, da ba ta cika sa baki ba, ta ajiye kofinta.

Ta ce, "Namu ba haka yake ba, Idi. Kalma ɗaya gare shi, mun aje ta tun farko. In ya faɗe ta, ko hannuna na sama sai ya sauko wayam. Bulalar ce a hannuna, amma linzamin a bakinsa yake."

Na daɗe ina juya wannan magana. Ni ba malami ba ne, ban kuma taɓa leƙa ɗakin kowa ba. Cikin abokaina na masallaci akwai wanda ya ce in tsaya a kujera kawai, akwai wanda ya ɗaga kafaɗa ya ce abin da ke tsakanin miji da mata in ba cuta ya fi ƙarfin bakinsa. Kowa da fahimtarsa, ban ja da kowa ba. Abin da na sani a matsayina na mai aikin hannu shi ne, tunda za su yi, gara abin ya fito daga hannun da ya san inda fata take tsagewa.

Dami na farko da na ɗaure da kaina na Mista Kolin ne, kuma a nan ne sharo ya kusa kashe ni. Babu birch a ƙasar nan, da siraran kawunan rotan muke yi. Ankul ya tafi sayen kaya ya bar min aikin. Na ce yau Bature zai san ya haɗu da mutumin Gaya. Na zaɓo masu taurin ciki, na gasa su sama-sama a wuta yadda na ga Fulani na yi wa tsumagiyarsu, na shafe su da mai, na shanya, na ɗaure. Ya fito yana sheƙi, in ka kaɗa shi a iska sai ka ji kamar jirgi zai sauka. Ankul ya dawo ya ɗaga ya kaɗa sau ɗaya, ya miƙo min, ya ce in naɗe ƙafar wando. Ashe akwai ragowar dokar da bai gaya min ba: duk abin da zai hau kantar baya, wanda ya yi shi ne zai fara ɗanɗanawa a sha-raɓarsa.

Na tsula. Jama'a, na yi tsallen da na hango tagwayen benayen nan na tsakiyar gari ta saman rufi, na gaisa da mai goge gilashi, na dawo. Na yi kwana da kwanaki ina sallah a kan kujera. Matata ta tambayi abin da ya same ni na ce kare ne, ta ce wane irin kare ne mai haƙora a jere kamar layin littafi. Ankul kuwa bai ko yi murmushi ba. Ya ce ni na yi na jarumi mai son a gani, su kuma mutanen nan gobe za su tafi ofis su zauna a kujera.

Daga nan na koyi aikin da gaske, kuma a nan ne nake son mai maganar mako guda ya buɗe kunne. Yin abin da zai ji wa mutum ciwo ba gwaninta ba ce, kowane reshe a bakin hanya ya iya. Gwanintar ita ce abin da zai yi zafi ya wuce bai bar rauni ba. Kowane tsinke sai an bi shi da yatsa an ji ko akwai gaɓar da ta taso. Kowane kai sai an goge shi ya zama mulmulalle kamar ƙwayar gero, don kaifin kai shi ke tsaga fata. Ba a yin tsayinsu daidai wa daida, in ba haka ba su sauka wuri guda kamar sanda. Ana jiƙa su su sha ruwa su yi laushi, don busasshe yana farfashewa ya bar sartse. Ga ƙasar nan da laima: ka jiƙa da yawa ya yi fumfuna, ka ajiye a ƙurya ƙwaro ya shiga ya mayar maka da shi gari. Sannan kowa da abin da yake nema. Wani ƙarar yake so fiye da zafin, sai a yi masa mai yawan tsinke mara nauyi, ya yi ta ruri kamar hadari ba ruwa. Duk wannan da baki ake ganewa, a tambaya ba tare da an sa mutum jin kunya ba, kuma ba tare da an yi dariya ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni wuya, kun dai san ni.

Sai muguwar shekara ta zo, wadda bankunan Turai da Amurka suka yi tuntuɓe ƙurar ta taso har nan. Otal-otal da ke ba mu aikin labule da kujerun baranda suka janye. Masu gidajen abinci suka koma kujerar roba, wadda in ta karye a jefar a sayi wata. Turawa da yawa aka mayar da su gida. Sai mu wuni ba wanda ya leƙo in ban da kyanwa. Ana cikin haka Ankul ya faɗi a bakin bahon jiƙo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aka kwantar da shi asibiti.

Ankul ba shi da ɗa. Mai kula da shi ɗan ƙaninsa ne, Ameng, magidanci mai 'ya'ya, yana da ɗan teburin sayar da waya a wata kasuwar bene. Ba mugu ba ne, shi ke ɗawainiyar asibitin duka. Ya zo ya same ni ya faɗa min gaskiya ba ɓoye-ɓoye: in shagon ba zai iya riƙe kansa ba, zai kwashe rotan ya zuba wayoyi, ga ɗalibai sun cika unguwa. Ya ce zai jira tsohon ya fito asibiti ya ji ta bakinsa, amma in fara neman abin yi. Ni kuwa a lokacin na haura arba'in, ba takardar makaranta, abin da na iya a duniya shi ne lanƙwasa kara da surutu, kuma ba a biyan na biyun.

Wata safiya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ga wani mutum ya shigo da laima da jaka, tsaf-tsaf, daga Singafo. Ameng ne ya kawo shi. Mutumin kirki a baki. Ya ce ya ga aikinmu na kantar baya a hannun wani, bai taɓa ganin mai kyansa ba. Yana da kasuwa a intanet, yana aika irin waɗannan kaya ƙasashen waje. Duk abin da hannuna zai iya ɗaurewa a wata zai kwashe, wata bayan wata, ba ranar dainawa. Yawuna ya tsinke har sai da na haɗiye da ƙara. Na ga shinkafa, na ga kifi, na ga kaina a jirgin Makka.

Na ba shi kujera, na ɗauko kofunan shayi don in yi abin da aka saba, sai na tsaya da su a hannu. Wa zan aika, wa zan tambaya? Na ce masa su waye za su sha bulalar. Ya yi dariya ya ce ina zai sani, duk wanda ya biya a aika masa a kwali. Na ce ko akwai yadda za a yi a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Ya ce akwai wurin da mai saye ke latsawa ya ce shi babba ne kuma ya yarda. Na ce ai wannan mai riƙewa ne ke latsawa.

Ameng ya ja ni waje ƙarƙashin rumfa, ruwa na fantsamo mana. Ya ce min mai sayar da wuƙa ba ya bin kowa gida ya ga ko albasa za a yanka. Ya ce in ban yi ba wani zai yi, kuma wanin ba zai goge kan tsinke ba, sai a fi cutuwa. Ya ce yawancin masu sayen nan irin su Mista Kolin ne. Wallahi duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Da na je gida na faɗa wa matata, ta ce ita ba za ta zaɓa min ba, amma in tuna tukunya ba ta jin labari.

Washegari na ce wa mutumin Singafo ya yi haƙuri. Na ce masa shagon ba nawa ba ne, dokar ma ba tawa ba ce, kuma ba zan karya ta mai ita na kwance ba ya iya ɗaga hannu ba. Ya karɓa da mutunci, ya bar min katinsa, na ji daga baya ya samu masu yi masa a wani gari. Ameng bai yi min magana ba sai da aka sallamo tsohon. Ni kuma na fara tambayar masu gidajen abinci ko suna neman mai wanke-wanke mai ba da labari.

Ranar da aka dawo da Ankul gida, Ameng ya kira ni. Tsohon na kan keken guragu a bakin tebur, ya rame, bakinsa ya karkace, magana sai da ƙyar. Ameng ya zayyana masa komai, bai rage ba bai ƙara ba, har da hujjojinsa, har da amsata. Ya ƙare da cewa shi yana da iyali, ga magani, ga shago yana cin haya ba ya kawowa. Ankul ya saurara har ƙarshe. Sannan ya dubi Ameng ya ce yana da gaskiya. Na ce a raina shi ke nan, wanke-wanke ya tabbata. Sai ya tsoma yatsan hagunsa a kofin shayi, ya ja layi a kan teburin ya raba shi biyu.

Ya ce, "Gaba naka, waya. Baya na Idi, rotan. Ƙofa ɗaya." Ya huta ya ja numfashi, ya dube ni. "Kofunan shayin kuma naka ne."

Na yi godiya, amma a raina na ce an binne ni da rai. Wa zai ga kujera a bayan allon wayoyi? Aka kafa katako aka raba shagon, aka bar 'yar ƙofa. Na riƙa fito da kujeru biyu-uku bakin baranda don a san ina raye, na kuma shiga bin gidajen bene ina gyaran tsofaffin kujeru a wurin, tunda a shekarar mutane gyara suke ba saye ba. Da haka aka lallaɓa.

Abin da ba wanda ya hango, har Ankul ɗin, shi ne kantar baya. Kafin shekara ta zagayo masu zuwa sun ninka. Madam Jin ce ta warware min. Ta ce shekara da shekaru a can nesa take ajiye mota ta zagayo ta lungu, don duk wanda ya san abin da ke bayan zanen nan in ya gan ta a ƙofar masaƙi ya gama fahimta. Akwai ƙawayenta da mazansu da suka daɗe suna so su zo kunya ta hana. Yanzu kuwa wa zai zargi wanda ya shiga shagon waya? Sai ka ga mutum da matarsa sun shigo suna riƙe da waya kamar ta lalace, su yi 'yan dube-dube, su sulale ta 'yar ƙofa. In za su fita kuma nauyin Ameng ya kama su, sai sun sayi wani abu. Mista Kolin kaɗai ya tara cajar da za ta haska Gaya da kewaye.

Ankul ya ƙara 'yan shekaru yana zuwa a keke ya zauna a ƙurya yana nuna min kuskure da yatsan hagu. Ni da Ameng muka zama kamar 'yan uwa, ko da yake har yau in an taɓo zancen mutumin Singafo sai ya ce ni mahaukaci ne, ni kuma in ce na ji.

Kwanan baya ina ciki ina goge kan tsinke, na jiyo wani ya shigo gaba shi kaɗai. Ya rage murya ya ce wa Ameng an ce masa akwai wani kaya da ake sayarwa a baya, yana so mai ƙarfi, matarsa ba ta da lokacin zuwa. Na ajiye sanfefa zan taso. Kafin in kai ƙofa na ji Ameng ya ja kujerarsa ya tare ta.

Ya ce, "Bos, an yi maka kwatancen banza. Nan waya kawai muke sayarwa."